Ka Dawo Ruwa, Davou

Zuwa ga Davou, walƙiyar farkon damina, sanyin idona, wanda tunaninsa ke sa in manta abin da aka aike ni saye,

Ina gaishe ka da gaisuwar da bakina ya daɗe yana kasa furtawa. Da Hausa na rubuto, don Turancina har yau tuntuɓe yake yi, kuma na san ƙannenka ba su iya karanta ta ba. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ina ka shiga, hasken raina? Tun ranar gwajin nan ba ka sake taka wurin iyo ba. Wutsiyarka ta roba, irin wadda muke zura ƙafafu a ciki mu yi iyo kamar kifi, tana rataye a bango, ta bushe ƙarau, ni kuwa duk shigowar da zan yi a kanta idona ke fara sauka. A coci ma ka koma kujerar baya, kana ficewa kafin a rufe da addu'a. Koci Yaw ya ce zai ba wani gurbinka a tseren mita hamsin. Wayyo! Gurbin da ka sha wahalarsa tun ana zuba ƙanƙara?

Ka tuna ranar da muka hau jirgin ƙasa mai lamba shida daga Parkchester, ka karɓi jakar wutsiyata ka haɗa da taka? Faɗinsu ya tare ƙofa, wata tsohuwa ta tambaye ka ko kifin da muka kamo ne ya tsere ya bar mana jela. Ka yi dariya har da riƙe ƙarfe, ni kuma na ɓoye fuska a cikin rigar sanyi. Har muka sauka zuciyata surutu ta yi ta yi kamar tsuntsayen asuba.

Da koci ya raba mu, ku 'yan gajeren zango rana daban, mu 'yan dogon zango rana daban, sai ka ɗaga hannu ka ce dogon za ka gwada. Ba wanda ya gaya mini dalili. Na dai ga inda idonka ya kalla, na sunkuyar da kai ina duban yatsun ƙafata.

Haba Davou! Wa ke shiga dogon zango da wutsiya mai tauri irin taku? Tamu mai laushi ce, don kada ta cinye ƙafa tun tafiya ba ta yi nisa ba. Ka faɗa ruwa kamar shaho ya hango ɗan tsako, ka bar kowa a baya, har na ji ana tafi. Can sai ƙafafunka suka ƙi, ka rungume igiyar da ta raba layukan iyo kana tari, bututun numfashinka ya karkace, yaran nan suna dariya. Na zo wucewa ta gefenka a cikin ruwa, hawaye suka cika mini tabaraun iyo.

Ka saurare ni, tauraron yammacina. Ba ragwanta ba ce. Koci ya ce tsokar mutane iri biyu ce, ban gane ba sai da na taya Mama gyaran kaza. Naman ƙirjinta fari ne, na fiffiken da take bugawa farat ɗaya ta tsallake katanga, sannan ta gaji. Naman cinyarta ja ne, na yawon tsakar gida tun safe har magariba. Taka tsokar tana kamawa kamar wutar kara, ba ta jiran iska, shi ya sa kake keta ruwa da numfashi ɗaya tak, bayan nan ƙafa ta ɗauki zafi. Tawa kamar garwashi take, sai jini ya yi ta kawo mata iska a hankali. In muka fito muka ɗora yatsu a wuya, bugun nawa ya kan lafa da wuri, naka yana ta ganga. Ni in aka ce in yi naka tseren, ko rabi ban kai ba za ka taɓa bango. Shin walƙiya tana jin kunya don ba ta kwana tana haske kamar wata? Wa ya taɓa raina ta?

Ba sai ka zama irina za ka same ni ba. Ranar ku daban, ranarmu daban, to sai me? Ni dama jira aka halicce ni da shi, ƙirjina ya iya doguwar tafiya.

Jiya na je gaban koci na roƙe shi ya riƙe maka gurbinka zuwa Asabar. Ka san shi da tsokana da Hausarsa ta unguwar Zango ta can ƙasarsu. A gaban kowa ya tambaye ni mene ne nawa a ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na buɗe baki na ce ni ce dalilin da ya sa ka shiga tseren da ba naka ba, kuma ina son ka dawo. Nan take aka fashe da ihu. Koci ya ce ya ba ni zuwa Asabar ɗin.

Ka ga yanzu dariyar ta rabu biyu, rabi naka, rabi nawa. Ranar Asabar zan tsaya a bakin ƙofar wurin iyo da jakata, ba zan shiga ba sai ka iso. Kada ka bar ni in shiga ni kaɗai, Davou.

Taka, yau da gobe, muddin akwai numfashi a ƙirjina,
Susana