Kibod Marar Haruffa

Litinin, 6 ga Oktoba
Shagon buga takardu na bakin titinmu na neman mai buga rubutu a kwamfuta. Na je. Hajiya mai shagon ta tambaya ko hannuna na da sauri, na ce sosai, har shekara biyu na yi ina yi. A raina ai ina nufin a waya. A littattafan da nake karantawa, jaruma takan ce ta iya, babi na gaba kuma sai ga shi ta iya.

Talata, 7 ga Oktoba
Maigidana har ya faɗa wa mahaifiyarsa na samu aiki. Bakinsa ba ya riƙe ruwa.

Laraba, 8 ga Oktoba
Wayyo ni. Ashe Hajiya na da wani tsohon kibod da duk haruffansa suka goge, shi take ajiye wa duk wanda ya ce ya ƙware. Na zauna ina ƙifta ido, yatsa ɗaya a sama kamar mai neman izini a aji. Abin da na buga, ko aljani ba zai karanta ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce rashin iyawa ba ya sa ta kori mutum, amma wanda ya ɗora laifin a kan kibod ɗin, shi ke nan, ga hanya. Sai ta tsaya tana kallona. Na riga na buɗe baki zan ce kibod ɗin ne. Na rufe.

"Kujerar nan kin rasa ta, 'yata. Akwai injin hoton takardu a lungu, in kina so."

Lahadi, 19 ga Oktoba
Lungun zafi, injin kuma cin takarda kamar akuya. Da yamma ina koyo a kibod ɗin da maigida ya aro, shi yana karanta mini littafina ina bugawa. Muryar jarumar da yake yi, sai da na ƙware don dariya.

Juma'a, 31 ga Oktoba
Hajiya ta sayo injin ɗinke littafi. Ta tambaya wa ya iya. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "Ban iya ba, amma a nuna mini."

Ni ta nuna wa. Ba wani abu ba ne, don dai ni ce a kusa.