Dawakan da ke cikin kamiyon Hudu

Zuwa ga Malama Zinariya,

Assalamu alaikum. Ki taimaka mini da shawara, 'yata, don na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan a Zongonmu na Cotonou ba tare da ta zaga unguwa ba. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Ni tsoho ne. Na yi lakwal, wato boko, tun zamanin Faransa, na yi aikin akawu a wani gidan shigo da kaya a unguwar Ganhi, har aka mayar da shi hannun gwamnati bayan juyin juya hali, aka ce in je in huta. Matata ta rasu, 'yarmu guda tana aure a Parakou. Ƙafafuna ba sa kai ni ko'ina sai masallaci, shi ma da sanda. A ƙofar gida nake yini, masu wucewa suna ɗaga mini hannu suna cewa kamarad, gaisuwar 'yan juyin juya hali, wai ni.

Mutum ɗaya ne yake zama wurina, Hudu, ɗan marigayi Wada maƙwabcina. Direba ne, yana da tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, da yake ɗauko shanu da ita daga arewa. Kwanakin baya ya kai ta wurin wani makaniki a unguwar Vêdoko, aka taɓa famfon gazuwal, wato man dizal, aka sake mata bututun hayaƙi, da wasu abubuwa da ban gane ba. Ta dawo tana ruri, idan ya tashe ta sai kwanukan gidana sun motsa. Makanikin ya ce ya ƙara mata ƙarfi sosai, amma bai ce nawa ba.

Ranar da Hudu ya zo yana murna, sai na ce masa ai Turawa da dawakai suke auna ƙarfin inji, haka nake gani a takardun motocin da muke shigo da su. Ni hira kawai na yi. Shi kuwa jikan masu dabbobi ne, da ya ji dawakai sai idonsa ya buɗe. Tun daga nan, in dai yana gari, bayan la'asar yana nan da butar shayinsa. Ya tashi injin a gabana, ya taka, wai in saurara in ƙirga masa dawakan da suka ƙaru tunda na yi karatu. Har ya yi magana da mai fenti, za a rubuta adadin a ƙofar mota, ni kaɗai ake jira. 'Yan tasha ma sun ji labari, wasu na cewa arba'in ne, wasu na cewa ko jaki bai ƙaru ba.

Malama, dawakan nan ba da kunne ake ƙirga su ba, iyakar abin da na sani ke nan. Ƙara nake ji, baƙin hayaƙi nake gani. Sai in ce masa ina nazari, ya dawo gobe. Ba zan ɓoye miki ba, goben nan tana yi mini daɗi. Har wanka nake yi in sa riga mai kyau in jira shi.

Amma jiya ya ce da zarar na faɗi adadi zai ƙara shanu a kowane lodi. Matarsa Saoudatou tana da tsohon ciki. Idan na ƙirƙiro masa lamba ya loda abin da motar ba za ta iya ba, me zan ce wa Allah? Idan kuma na ce ban sani ba, ina tsoron ya ɗauke butarsa, in koma kallon hanya. Yaya zan yi?

Tsohon akawu, Zongo

Amsa:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya.

Kada ka ba shi lambar da ba ka da ita. Wannan babu ja a ciki, don rai ne a kan hanya, nasa da na wasu. Amma fa kada ka yanke cewa makanikin ƙarya ya yi. Na tambayi wani tsohon direba, ya ce taɓa famfo yakan ƙara ƙarfi da gaske, sai dai baƙin hayaƙi mai yawa gazuwal ne da bai ƙone ba, ƙara kuma bututu ne ya kawo ta. Ashe da kai da Hudu babu wanda ya san gaskiya tukuna, kuma ana iya gano ta.

Adadin dawakai sai da na'ura, amma ko mota ta ƙara ja, hanya tana faɗa. Cotonou shimfiɗe take, ba za ta nuna komai ba. Hudu ya nemi abokin sana'a mai irin motarsa wadda ba a taɓa ba. A loda musu nauyi ɗaya, buhunan yashi, ba dabbobi ba. A fita bayan Abomey-Calavi, a nemi hawa mai tsawo. A duba giyar da kowace ta hau da ita, da wadda ta riga kaiwa sama, da allurar zafin inji, da gazuwal ɗin da kowace ta sha. A maimaita, direbobin su yi musayar mota, don kada a ce hannun wani ne. Sannan a gangaro a gwada birki. Inji kawai makanikin ya taɓa, birkin nan na jiya ne, kuma shi zai tsayar da ƙarin shanun da Hudu yake so. Idan birki bai gamsar ba, ko motar ta tashi sama kada a ƙara ko maraƙi.

Yanzu ga tsoronka. Ina ganin ka raina kanka, Baba. Mai neman lamba kawai ba ya zuwa da butar shayi. Yaron nan ya rasa uba, ya samu wanda zai nuna wa abin da yake alfahari da shi. Zai iya jin haushi kwana biyu, musamman da 'yan tasha suna jira su yi masa dariya, shi ya sa za ka gaya masa ku biyu, ba a gaban kowa ba. Ka ce kunne ba ya aunawa, amma ka san yadda ake aunawa, kuma gwajin yana bukatar alƙali wanda ba ya tsoron kowa. Kai ne alƙalin. Idan jikinka ya yarda, a sa maka matashi a kujerar gaba, ku fita da sanyin safiya. Yaushe rabonka da ganin bayan gari?

Ka kuma rubuta wa 'yarka ta Parakou. Motar Hudu ta ƙofar garinsu take wucewa, kuma akwai wuri a gaba.

Allah ya sauki Saoudatou lafiya, ya tsare Hudu a hanya, kai kuma ya ba ka ƙarfin hawa motar nan.

Zinariya