Barradar Ƙofar Gidanmu da Bangon da Take Jiƙawa

Zuwa ga mai girma Alhaji Bashir, mai imarar, wato gidan benen, da muke haya a ciki a unguwar Utaibiyya, Makka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ne Sani tela, na shiƙƙar ƙasa, wato sashen haya na hannun dama, wanda marigayi mahaifinka ya damƙa wa makulli da hannunsa lokacin da muka taso daga unguwar Jarwal. Na kira wakilinka har na gaji, na je ofishinka aka ce kana Jidda. Shi ya sa na rubuto a fili, maƙwabta su zama shaida.

Na farko. Da mahaifiyata Hajiya Rabi ta rasu shekara uku da suka wuce, na roƙi izinin kafa barrada a ƙofar gida, injin sanyaya ruwan nan da ake sa wa masu wucewa sadaka, don ladan ya riƙa isa gare ta. Wakilinka ya ce ba zai yiwu ba, wai mitar ruwa ɗaya ce ga shiƙƙa shida, kada a ɗora wa sauran nauyin sadakata. Maganar ta yi mini ciwo, amma na ga gaskiyarta, na haƙura.

Na biyu. Bara Alhaji Nasiru mai shagon turare ya tare a bene na uku. Bai rufa wata huɗu ba sai ga barrada sabuwa fil, daidai inda na nuna da yatsana aka hana ni, da allon ƙarfe a samanta ɗauke da sunan mahaifinsa. Mitar ba ta haihu ba, har yanzu ɗaya ce. Abin da ya sauya kawai shi ne mai roƙon.

Ba zan ɓoye maka ba, Alhaji, kishi nake yi. Tagar da nake ɗinki a bakinta tana jikin barradar. Tun safe direbobin tasi da ɗalibai da masu shara ke tsayawa, kowa ya sha ya karanta allon ya ce Allah ya jiƙan Alhaji Ummaru. Ina amsawa da amin, don mamaci bai yi mini komai ba, amma aminin nan da ƙyar take fita. Liman ya yabi Nasiru bayan sallar asuba, mutane suka yi ta miƙa masa hannu, ni ina can ina neman takalmina. Matata ta ce hassada ga mai rabo taki ce. Na sani. Sanin bai rage mini komai ba.

Na uku. Don ya riski ladan azumi, Nasiru bai jira mai gyaran famfo ba. Ana jajibirin Ramadan ya sa ma'aikacin shagonsa ya fasa bango, ya jawo ruwa daga babban bututun gida, ya toshe da siminti. Bangon nan ta ciki shi ne bangon ɗakin ɗinkina. Kafin ƙaramar Sallah fenti ya kumbura, kabad ya jiƙe ta baya, fararen yadudduka na mutane da zan ɗinka musu kayan Idi suka yi baƙin tabo. Na biya masu su daga aljihuna, ɗaya daga cikinsu har yau bai dawo mini da aiki ba. Na kawo mai gyaran famfo, ya sa hannu ya nuna mahaɗin da ke tsiyaya. Wakilinka ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce wai zufar bango ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na huɗu. Kuɗin ruwa ya kusa ninkawa, ana kuma raba shi gida shida daidai wa daida. Inna Kulu ta bene na biyu, da ke zaune ita kaɗai, kasonta ɗaya da na mai sadakar. Wanda mutane suka sha da wanda bangona ya sha, duk mu ne ke biya, suna kuwa na mutum ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na biyar, wanda ya hana ni zama. Wakilinka ya aiko cewa ɓarnar cikin shiƙƙa ta ɗan haya ce, in gyara bangon kafin Muharram ko kuma ba za a sabunta mini haya ba. Yarjejeniyarmu ta ce abin da na lalata da hannuna nawa ne, bututun cikin bango na mai gida ne. Ban fasa ba, ban jona ba, ba a ma tambaye ni ba. A ɗakin nan mahaifiyata ta cika. Yau za a fitar da ni daga cikinsa saboda sadakar da aka hana ni yi mata.

Ga roƙona. Ba na neman a cire barradar. Wanda ya san zafin Makka ba ya shiga tsakanin mai ƙishi da ruwa. Ina roƙon a janye maganar tashina. A gyara bututun da bangon a kan wanda ya fasa. A sa wa barradar mitarta daban, mai lada ya ɗauki kuɗinsa.

In kuwa an ga Nasiru ya fi ƙarfin a tambaye shi, dole sai na ci gaba da biyan ruwan nan, to zan biya ba tare da ƙorafi ba, bisa sharaɗi ɗaya. A ƙarƙashin sunan Alhaji Ummaru akwai fili a jikin allon. Na auna da tef ɗina, zai ɗauki suna ɗaya. A rubuta Rabi 'yar Adamu.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, ya jiƙan mahaifinka da ya riƙe mu da mutunci, ya jiƙan Alhaji Ummaru, ya jiƙan tawa da ba a ambata a ƙofa.

Wassalam.

Ɗan hayarka,
Sani tela