Akwatin Mama ya ƙone

Baba,

Yau Laraba, tun asuba ake yayyafi. Ruwa ya hana ni fita da wuri, shi ne na zauna aikin akwatin naɗar muryar da muke haɗa wa Mama. Na san ka ce in bari sai ka dawo. Ban bari ba.

Wayoyin batirin duk baƙaƙe ne, tunda jar ta ƙare mana. Na ga ƙulli a jikin ɗaya, na ɗauka harɗewa ta yi, na warware. Sai da hayaƙi ya tashi na tuna kai ka ƙulla, da shi kake bambance su. Ashe a juye na haɗa su da batirin.

Na danna maɓallin ya fi sau talatin, shiru. Addu'ar da Kaka ta yi wa Mama, wadda muka naɗa a cikinsa kafin ta rasu, babu ita a ko'ina. Ka ce mu kwafa a wayar salula, ni na ce sai mun gama.

Mama ta leƙo ta ce, "Sarkin gaggawa, yau kuma me kake ƙonawa?" Na ce roba ce. Ta ce in buɗe taga.

Na wuce gareji wurin aiki. Kar ka faɗa mata, ni zan faɗa da bakina da yamma. Akwatin yana ƙarƙashin gadona.

Abin da muka rasa: allon lantarkin ciki ɗaya, ƙwan fitila biyu, aikin sati uku, da muryar Kaka ta daƙiƙa ashirin.