Jirgin da Kaneto Bai Nutsar Ba

Ni Tomeji Nagayoshi, ina rubuta wannan wasiyya a gidana na Ibusuki, a ƙasar Japan, da hankalina cikakke. Hanta ce ta gaza, kai yana nan daram. 'Ya'yana Norihisa da Fusako, ku karanta tare, a zaune wuri ɗaya.

Na ɗaya. Gidan da gonar dankali na Norihisa ne, shi ya sha ranarta. Fusako ta ɗauki filin bakin teku da kayan mahaifiyarku. Ba a bina bashi. Na san wannan rabon ba zai haɗa ku faɗa ba, tunda ba a kan kayana kuke gaba ba. Kun daina magana ne a kan wa zai ajiye hoton baffanku Kaneto da kaset ɗinsa na bidiyo, mutumin da ba ku taɓa gani ba. Ni da na goya ku, ko a kan agogona ban ji an yi musu ba.

Na biyu, kaset ɗin. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, safiya ɗaya aka tashe mu daga sansani, ni da yayana Kaneto, kowa da bam a cikin jirginsa na sama, mu je mu faɗa kan jiragen ruwan Amurka a Okinawa. Mai iri ɗaya aka zuba mana, rantsuwa ɗaya muka yi. Injina ya mutu a hanya, na faɗa kan rairayin wani tsibiri, masunta suka ja ni. Nasa bai mutu ba. Iyakar bambancinmu ke nan.

Da na iso gida, kakarku ta dube ni daga bakin ƙofa ta ce, “Kai kuma me ya dawo da kai?”

Daga baya talabijin ta fara nuna fim ɗin da Amurkawa suka ɗauka: ƙaramin jirgi yana ratso harsasai, ya daki jirgin ruwa, wuta ta tashi. Kakarku ta rantse Kaneto ne. Duk shekara maƙwabta su cika mana ɗaki, a yi kuka, ni ina zuba musu shayi. Mahaifiyarku Sueko, wadda shi ta fara ɗinka wa ɗankwalin wuya kafin ta san da ni, har ta rasu shi take fara zuba wa shinkafa a gaban hotonsa, sannan ta miƙo mini tawa.

Talabijin a kan wutar take yankewa. Na sayo cikakken kaset ɗin a Kagoshima, yana cikin akwatina. Jirgin ruwan bai nutse ba. Za ku ga samarin Amurka, tsarana a lokacin, sun shiga hayaƙi da mesar ruwa, wasu suna jefa harsasai cikin teku kafin wuta ta kai gare su. Sun rufe ƙofofin ƙarfe don ruwa ya tsaya a ɗaki ɗaya, sun tokare bango da katako, sun ture tarkacen jirginsa cikin ruwa kamar shara. Jirgin ya karkace, yana hayaƙi, amma ya ci gaba da tafiya. A ƙarshe an nuna ana maƙala musu lambar yabo. Su don sun rayu aka yaba musu. Ni da na rayu, sunkuyar da kai na yi shekara hamsin. Har su ina jin kishinsu.

Kaset ɗin ba na ɗayanku ba ne. Ku kalle shi tare, da jikokina, har ƙarshe. Wanda ya tashi a kan wutar bai cika wasiyyata ba.

Na uku. Hoton Kaneto ya zauna a gidan nan, Fusako ta zo duk sanda take so, kada a tare mata ƙofa. Gabar ta ƙare a nan. Nawa hoton ku rataye shi kafaɗa da kafaɗa da nasa, ba a ƙasa ba. Kada ku sa na kakin soja. Ku sa na bara, da furfura da giɓi, ina riƙe da jikata. Wannan fuskar dai Kaneto bai samu ba.

Na sa muku albarka, ku da zuriyarku. Ku riƙe juna, ku ci shinkafa a tebur ɗaya, kuma ku fara zuba wa mai rai.