Malam Ya Fasa Zuwa Challawa

Zuwa ga Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya maigidan da yara, yaya ƙafar Inna? Mu nan Dakata sai godiya.

Har yanzu albashin Malam a asibitin dabbobi bai motsa ba. Shi ke allura da wankin miki, amma likita ake gode wa. Sai ga wani kamfanin fata a Challawa ya neme shi da albashi mai tsoka. Ni har na fara hango kaina a gidan bene, kamar matan cikin littattafaina.

Ranar da zai kai musu amsa, maƙwabciyarmu Maman Ladi, 'yar Filato mai aikin masaƙa a Bompai, ta shigo hankali tashe, akuyarta ta kasa haihuwa. Malam ya jingine keke ya naɗe hannun riga, bai tashi ba sai da 'ya'ya biyu suka miƙe. Ta durƙusa tana ta sa masa albarka.

Ya dube ni ya ce, "Amarya, a can fa fatarsu kaɗai zan riƙa gani."

Bai je ba, Yaya, kuma wallahi ban ji haushi ba. Ku taya mu addu'a Allah ya sa a tuna da shi wajen ƙarin albashi. A gaida Inna da su Kawu.

Ƙanwarki,
Binta