Keke Mai Sirdi Biyu

Zuwa ga ƙanin mijina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya maiɗakinka da yara? Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Tun da idon yayanka ya tafi kunnensa ya ƙaru, ko raɗa na yi a kicin sai ya ce, "Da wa kike magana?" Wannan maganar kuwa ba na so ya ji.

Jikinsa ƙalau, amma ya ƙi fita. Daga gado sai kujerar bakin taga. Mutumin da ya yi rayuwarsa a bakin titi yana gyaran keke, ana hira ana dariya, yanzu ko abokansa sun zo sai ya ce in ce yana barci. Ina tsoron zaman nan ya cinye shi ina kallo.

To ga labari. An yi wa masu keke hanyarsu daban, ta bi ta ƙofar gidanmu har tsakiyar birni. An shafa mata koren fenti, an raba ta da motoci da shingen kankare. Da safe ba ka jin komai sai ƙararrawa, ma'aikata da 'yan makaranta, har da wani likita mai tumbi. Na lura duk sanda suka wuce, yayanka yakan karkata kai wajen taga.

Kekunansa biyu sun yi ƙura a baranda, na ba direban motar kaya ya kawo maka. Tunda kullum kana cika baki ba ƙarfen da ya gagari waldarka, haɗa min su su zama ɗaya mai sirdi biyu. Ni a gaba, shi a baya.

Ka gaida gida,
Matar yayanka

Zuwa ga matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, duk suna gaishe ku. Takarda ta iso, kuma na yi dariya har maƙwabcina mai faci ya leƙo ko lafiya. Ke da sai an riƙe miki hannu kike tsallaka kwata, ke ce direba? Yaushe kika koyi keke ban sani ba?

Amma da na sake karanta inda kika ce ya daina fita, dariyar ta tsaya. A bayan kekensa na yi zuwa makaranta, a hannunsa na koyi riƙe sufana.

Na yi aikin, ga shi nan tafe. Na sa sabon birki, saboda na san wadda za ta tuƙa. Roƙona ɗaya: ko kin ji wata ƙara, kada ki kai wa kowa ya taɓa. Ki bar shi yadda ya zo.

Naki,
Mai walda

Zuwa ga mai walda sarkin surutu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka ci gaba da dariya, ni dai na iya. Maƙwabciyata malamar makaranta ce ta koya min da nata. Na faɗa cikin furannin gefen hanya, na goge gwiwa, amma ba mota ko ɗaya da ta kusance ni.

Da keken ya iso na kama hannun yayanka na ɗora a kan sirdin baya. Ya shafa, ya gane, ya janye hannu. Ya ce, "Ni? A bayanki? Unguwa ta gan ni ana ja na kamar buhu?" Na shiga kicin na yi kukana.

Washegari don haushi na hau ni kaɗai, ina kai da kawowa a ƙarƙashin tagarsa. Kai kuma wane irin aiki ne wannan? Sarƙa sako-sako, tana ƙaras-ƙaras, kowa na waiwayena. Ba a jima ba na ji tsawa daga taga: "Wane rago ne ya ɗaura sarƙar nan?"

Na ce, "Ƙaninka."

Ya ce, "Ya zubar min da mutunci! Kawo akwatin kayan aikina."

Da ƙafarsa ya fito har ƙofar gida. Ya zauna a ƙasa yana laluba, yana mita, hannu duk baƙin mai. Da ya gama ya juya feda, shiru kake ji. Ya miƙe ya ce, "Ban taɓa ba mutum keke ban gwada ba. Hau mana, me kike jira?"

Mun je har gadar sama. Ni da nake hawanta da haki, sai ji na yi ana tura ni daga baya, yana tambaya, "Wa muka wuce?" Na ce motoci ne jere sun maƙale. Ya yi dariyar da na manta da irinta.

Aikinka dai na banza ne, amma na yafe maka.

Matar yayanka

Kai yaro,

Ina gaishe ka da iyali. Ni nake faɗa, direbata take rubutawa.

Waldarka ba laifi. Sarƙar nan kuwa, ni na koya maka ɗaura ta, ko a barci ba za ka bar ta haka ba. Na gane. Allah ya yi maka albarka.

Ka aiko da ƙararrawa, don wannan baiwar Allah da ihu take neman hanya. Zan tsaya nan. Ta ce hannunta ya gaji, ni kuma ina so mu fita kafin rana ta yi zafi.

Yayanka